Akwatin Waƙoƙin da Yaya Jibirilla Bai Kai Ga Zaɓa Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Talata, 14 ga Rajab 1446, wadda ta zo daidai da 14 ga Janairu 2025, Allah Ya karɓi ran Yaya Jibirilla Yacouba, mutumin Mirya ta ƙasar Damagaram, a nan Riyadh, inda ya shafe fiye da rabin rayuwarsa yana aikin wutar lantarki. Ya yanke jiki ya faɗi a wurin aikinsa da ke Sulay bayan an idar da sallar Azahar, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Likitoci sun ce zuciya ce. Da aka kammala takardu muka yi masa sallah, muka kai shi makwancinsa a maƙabartar Al-Oud.

Yaya, har yau ban gama fahimtar abin da ya faru ba. Da safiyar ranar ka turo min saƙon murya kana cewa in keɓe maka yammacin Alhamis, wai akwai wani shago a Olaya da ya kawo sabon kaya. Ban amsa ba, na bari sai na fito daga ɗakin karatu. Ina fitowa na tarar Saidou, abokin aikinka, ya yi ta kirana. Da na kira shi sai ya ce, "Malam Isma'il, sai haƙuri, Jibirilla ya rasu." Na ce masa wane Jibirilla. Wallahi ba gardama nake yi ba. Tsayawa na yi a bakin ƙofa ina laluben duk Jibirillan da na sani a garin nan, ko zan sami wanda zan ɗora wa mutuwar in bar maka ranka.

Na zo Riyadh daga Kazaure ina saurayi, da gurbin karatun hadisi da jaka guda. A makona na farko na ɓace a kasuwar Batha. Na tsaya ina yi wa wani direban tasi Larabcin aji, da wasali da tanwini, shi kuwa yana kallona kamar wanda ya fito daga cikin tsohon littafi. Da na gaji sai na ce da kaina da Hausa, wannan wane irin gari ne. Daga bayana na ji an ce, "Garin da ka kawo kanka ne, ɗan'uwa." Na waiga na gan ka da rigar aiki, da naɗin waya a kafaɗa, kana dariya. Ba ka mayar da ni makaranta ba sai da ka biya da ni gidanka a Suwaidi, matarka Yaya Lailatu ta tuƙa tuwo ta kaɗa miyar kuka. A hanya ka koya min Larabcin titi, yadda ake cewa nawa ne da yadda ake cewa ya yi tsada. Tun daga ranar na zama ƙaninka, kai kuma ba ka taɓa kirana da wani suna ba sai Malam Isma'il, alhali ko gemun kirki ba ni da shi.

Mutanen Sulay sun fi ni sanin alherinka. Juma'a ce kaɗai ranar hutunka, amma idan zafi ya kankama, a ɗakunan leburori kake ƙarar da ita, kana bin na'urorin sanyaya ɗaki ɗaya bayan ɗaya, wannan ka wanke, wannan ka canja waya. Wanda ya miƙo maka wani abu sai ka ce ya dafa shayi. Na tuna Laouali, mutumin Maradi, da iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare a daidai lokacin da ciwon ƙafa ya kwantar da shi. Ka ɗauke shi ka ajiye a majalisar gidanka, ɗakin baƙi, kana zirga-zirga tsakaninsa da kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, har aka daidaita ya koma gida da mutuncinsa. Lokacin da mahaifina ya rasu ina tsakiyar jarabawa, ban sami zuwa gida ba. Kai ka zo masaukin ɗalibai ka shimfiɗa tabarma, ka zauna kusa da ni kana karɓar gaisuwa, har wasu suka ɗauka uba ɗaya muke.

Abu ɗaya ne na sani ka yi wa kanka a duniya, shi ne kayan sautin nan na majalisa. Manyan lasifikoki biyu masu jikin katako, tsayinsu ya kai ƙirjin mutum, da wata tsohuwar amfilifaya mai nauyi kamar dutsen niƙa. A haraj, kasuwar tsofaffin kaya, ka tsinto su ɗaya-ɗaya, ka gyara da hannunka. A bayan kujeru kuma kwalaye ne cike da kaset-kaset da fayafayen sidi da memorin waya. Akwai masu gurumi na ƙasarku da aka naɗa a bukukuwa, akwai waƙoƙin mata na ranar aure, akwai bege, akwai tafsirin malamai na azumin shekaru da yawa. Akwai kuma kaset-kaset ɗin da mahaifiyarka, Inna Mariamou, take naɗar muryarta ta aiko maka ta hannun alhazai, tun kafin waya ta wadata.

Ka daɗe kana juyar da su cikin kwamfuta don kada zafi ya cinye su. Wata rana ka kira ni ka ce, "Malam Isma'il, zo ka duba min, hadis ɗina ɗaya ya lalace." Na shiga tunanin wane hadisi ne kuma yake lalacewa, ko mai rauni kake nufi. Har na soma haɗa maka bayani a kan ingancin ruwaya. Da na zo sai ka miƙo min wani ɗan baƙin ƙarfe kamar sabulu, ka ce shi ne faifan ajiyar kwamfuta, hadis masu sana'ar suke ce masa. Mun yi dariya, amma kai dariyarka ba ta kai ciki ba. Abin da ke kan wannan faifan ya tafi, kuma wasu daga cikin kaset-kaset ɗin asali sun riga sun narke.

Daga nan maganar saba ta taso. Ka yi min bayani cewa wani akwati ne da ake zuba duk waƙoƙin a cikinsa, a haɗa shi da amfilifaya, kowa a gidan ya zaɓi abin da yake so daga wayarsa. Ka ce ni zan raka ka nema, tunda ina karanta Turanci. Na ɗauka aikin yamma ɗaya ne. Shekara guda muka yi muna abu ɗaya, kuma ban taɓa ganin ruwan ido irin naka ba.

Na farkon da ya shiga ranka ɗan ƙarami ne, ba shi da fanka, ba ya ko numfashi. Ka ce shi ne daidai, domin ƙarar fanka tana cinye muryar gurumi idan makaɗi ya sassauta hannu. Amma faifan ajiya ɗaya ne a cikinsa, kai kuma maciji ya riga ya sare ka, ko tsumma ka gani tsalle kake yi. Sai muka koma kan wani mai faifai biyu, duk abin da aka zuba a ɗaya yana kwafar kansa a ɗayan. Wannan kuwa yana gurnani kamar tsohon firji, dole a kai shi wani ɗaki a ja masa waya, kuma Yaya Lailatu ta ce ba a ɗakinta ba. Saidou ya kawo shawarar a haɗa da hannu daga wata 'yar kwamfuta, ya fi sauƙi a aljihu. Ka yi murna da wannan har kwana biyu, sannan ka tuna cewa idan ya rikice kana wurin aiki babu wanda zai iya tayar da shi. Ga kuma wata tambayar da duk mai shago sai ya yi mana, wai muna son wanda yake juya lambobi su zama sauti da kansa, ko za mu sayi mai juyawar daban. Na karanta maka abin da masana suka rubuta a intanet. Wannan ya ce bambancin kamar sama da ƙasa ne, wancan ya ce babu kunnen da zai iya ji. Na ce maka ko malaman fiƙihu ba su kai mutanen nan saɓani ba.

Wani matashi a wani shago ya taɓa ce mana mu daina wahalar da kanmu, mu biya kuɗin wata, waƙoƙin duniya duka suna cikin intanet. "Kullu shai maujud," in ji shi, komai akwai. Ka karɓi wayarsa ka rubuta sunan Buraima ɗan Delou, mai gurumin da ya yi wasa a bikin aurenka. Babu abin da ya fito. Ka canja rubutun zuwa irin na Faransanci, ka sake canjawa, shiru. Yaron ya tambaya ko mawaƙin sabo ne. Ka ce masa a'a, ya daɗe da rasuwa. Muka fito muka shiga mota.

Ko akwatin da muka aro don gwaji sai da ya ƙara rikita mu. Manhajarsa tana neman sunan mawaƙi da sunan faifai da shekara, kai kuma yawancinsu abin da ka sani kawai shi ne, wannan a bikin wance aka naɗa, shekarar da aka yi fari. Sai allon ya cika da layi ɗaya da Turanci, ba a san mai waƙa ba, ba a san mai waƙa ba, har ƙasa. Waɗanda muka rubuta da Hausa kuma, duk inda harafi mai ƙugiya yake sai ya koma ɗan akwati. Ka dafe kai ka ce, "To yanzu ni ne ban iya ba, ko shi ne bai san mu ba?"

Ka dage cewa a ajiye komai ba tare da an matse shi ba, ko da zai cinye wuri, wai kunnenka yana jin bambanci. Yaya Lailatu ta ce kaset ɗin da aka naɗa a tsakar gida, awaki na kuka, wane inganci ne za a matse a ciki. 'Yarka Jidda ta ce a gwada. Ta sa ka rufe ido, ta kunna maka waƙa ɗaya sau biyu. Ka zaɓi ta biyu, ka yi ta yabon yadda sautin ya buɗe, ashe ita ce matsattsiyar. Ka yi dariya har da hawaye, amma washegari ka ce duk da haka kada a matse. A ranar ne Yaya Lailatu ta ce, "Ni dai a mako guda ya zaɓe ni, amma akwati ya gagare shi."

Akwai wata magana da na daɗe ina riƙe da ita. Ni ɗalibin ilimi ne, na karanta abin da malamai suka faɗa a kan kiɗa, da masu tsanantawa da masu sassautawa, kuma ban taɓa zama na saurari gurumi tare da kai ba. Idan ka ga na shigo sai ka mayar da shi karatu. Wata Alhamis a mota na tambaye ka, shin wannan abin da muke yawo a kansa, lada muke nema ko me. Na zaci za ka kare kanka. Sai ka ce, "Wallahi ni ma ban sani ba, Malam Isma'il. Abin da na sani, yarana da Larabci suke mafarki. Ina so dai a riƙa jin garinmu a cikin gidan nan. In akwai laifi a ciki, ka roƙa min gafara." Na ci gaba da raka ka, ban kuma san ko rakiyar yarda ce ko kunya ba.

Bayan rasuwarka abubuwa suka taso da sauri. Zaman iyalinka a ƙasar nan a kan iƙamarka yake, don haka da zarar Yaya Lailatu ta fita takaba, yara sun gama jarabawa, Damagaram za su koma. Ɗanka Shakir a nan aka haife shi, sau ɗaya ya taɓa taka Nijar. Ina cikin tunanin takardu da kaya sai Yaya Lailatu ta aika aka kira ni. Na zauna a majalisa, ita tana bayan ƙofa. Ta ce, "Malam Isma'il, abin nan da kuka yi ta nema kai da yayanka, ina so ka ƙarasa. Ba zan ɗauki kwalaye da tarkacen ƙarafa in kai gida su lalace a hannuna ba."

Na ce mata to, amma wanne ka zaɓa. A nan ne kaina ya ƙara kullewa. Ita ta ce ka gaya mata ƙaramin nan marar ƙara za ka saya. Saidou ya rantse cewa ana saura kwana kaɗan ka rasu ka ce masa ka tsaya a kan mai faifai biyu. Shakir ya ce ka tambaye shi yadda ake biyan kuɗin wata na intanet, ya ɗauka can ka karkata. Ni kuma saƙon ƙarshe da ka bar min cewa yake mu je mu ga wani sabo. Kowa gaskiya yake faɗa, na san ka. Na yi ta juya abin ina neman in gane nufinka, kamar mai neman tarjihi tsakanin ruwayoyi huɗu da duk masu ruwayar amintattu ne. Sannan duk lissafin da muka yi, don gidan Suwaidi muka yi shi, inda wuta ba ta ɗaukewa, intanet kuma ba ya yankewa. Ban san gidan Mirya ba, ban san zafin ɗakinsa ba. Na koma shagunan ni kaɗai, masu shago suna tambayata ina abokina mai yawan tambaya, ina gaya musu, suna yi maka addu'a, ina fitowa hannu wofi.

Yaya Lailatu ce ta raba gardamar. Ta saurari duk bayanina, har da na fanka da na lambobi, sannan ta ce, "Can kuran, wutar lantarki nake nufi, yana ɗaukewa. Ka sayo wanda ba ya neman intanet, wanda in wuta ta dawo zai tashi da kansa, wanda ni zan iya kunnawa ba sai na kira kowa ba. Tsoron lalacewa kuma, a kwafa gida uku." Shi ke nan. Muka sayo ƙaramin nan marar fanka. Saidou ya kwashe duk abin da ke cikin faya-fayanka ya zuba a ciki, ya kuma yi kwafi biyu, ɗaya za a kai wa ƙaninka Idrisu a Mirya, ɗaya aka ce in riƙe.

Ranar da aka haɗa shi da lasifikokinka, bayan La'asar, muka ce a fara da karatun Alƙur'ani. Shakir ya danna wayarsa, ban san inda hannunsa ya taɓa ba, sai muryar wata tsohuwa ta cika ɗakin, kusa kamar tana zaune a kan tabarma. Inna Mariamou ce. Tana gaishe ka, tana ba ka labarin gero ya yi kyau bana, akuyar gidan ta haifi biyu, rijiyar unguwa ta rufta. Yaran sun saba jin muryar nan tana tashi daga majalisa, amma ba su taɓa zama sun saurara ba. Can sai ta ce, "An ce min an yi min miji a Makka. Jibirilla, ka kawo min mijina in gan shi tun da sauran ganina. In ya ƙi zuwa, ka ce masa na yi wani."

Shakir ya dube ni, ni da yake kira Ammi, wato baffa, ya tambaya, rabi da Larabci rabi da Hausa, "Ammi, wane miji take nufi? Ba kakanmu ya rasu tun da daɗewa ba?"

Na buɗe baki in fassara masa, na ga idan na mayar da maganar Larabci za ta zama wani abu daban. Na yi ta kame-kame. Daga bayan ƙofa mahaifiyarsa ta ce, "Kai take nufi. Kai ne mijin. Haka kaka take wasa da jikanta a wurinmu, kuma duk ƙasar nan Makka ce a wurinta. Kana ɗan wata biyu ta aiko wannan." Yaron ya sunkuyar da kai. Ta rasu kafin ku kai shi gida, ba su taɓa ganin juna ba. Sai Shakir ya ce a mayar baya. Aka mayar. Da muryarta ta ƙare sai gurumi ya soma tashi, Yaya Lailatu ta ce, "A tsaya nan. Wannan sai na fita takaba."

Yaya, ban sani ba ko mun zaɓi wanda za ka zaɓa. Saidou har yanzu yana cewa mun yi kuskure, kuma wataƙila da kana nan da Alhamis mai zuwa ka sa mun mayar da shi. Yanzu Jidda ce take zama da mahaifiyarta da rana, ana kunna farkon kowace murya a tsayar, uwar tana faɗin wanda ta gane, 'yar tana rubutawa. Wasu sun sami sunayensu. Da yawa ba wanda ya san su sai kai. Kwafin da aka ba ni yana kan kantar littattafaina. Ban kunna shi ba, ban kuma san ranar da zan iya amsa tambayar da na yi maka a mota ba. Gafarar da ka ce in roƙa maka dai ina roƙa a kowace sallah, ina haɗawa da kaina.

Ya Allah, ga bawanKa Jibirilla ɗan Yacouba da Mariamou ya zo gare Ka, baƙo a ƙasar da ya kwanta, Kai kuwa ba Ka tozarta baƙo. Ka gafarta masa abin da ya sani da abin da ya shige masa duhu. Ka sanyaya masa kabarinsa kamar yadda ya sanyaya ɗakunan bayinKa a tsakiyar zafi, Ka yalwata masa shi, Ka tabbatar da harshensa wurin tambaya, Ka sada shi da iyayensa a Aljannar Firdausi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya Lailatu, da Shakir da Jidda, da ƙaninsa Idrisu da dukan dangi a Mirya da Damagaram, da Saidou da sauran abokan aikinsa na Sulay, da 'yan'uwa mutanen Nijar da Najeriya mazauna Riyadh. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya raya abin da ya bari, Ya sa garin da yaran nan za su koma ya karɓe su hannu biyu. Mu kuma da muka rage, idan tamu ta zo, a gida ko a nan, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.

Isma'il Rabi'u Kazaure
Suwaidi, Riyadh